Bazarar da Muka Fanshi Aduwa da Sharar Riɗi

Ku ukun nan, Musa da Sa'adiya da Nafisa, duk ranar da kuka haɗu a gidan nan sai ɗayanku ya tono zancen shekarar da kuka sha miya ba mai, ku yi ta dariya kuna cewa Inna ta kwashe man gida ta ba tsuntsaye. A kasuwa kuma har gobe akwai matan da in na gifta sai su taɓa juna, su ce ga wadda ta sa aka sare tsamiya. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, amma guntuwar gaskiya ce, ni kuwa ba na so in bar muku guntun labari bayan raina. Ku zauna ku ji yadda aka yi tun daga tushe. In na gama, wanda ya ga dama ya ci gaba da dariyarsa.

A shekarun nan ina aiki a wata rumfar gyaran riɗi da ke bakin kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Manyan motoci su kawo riɗi daga Simsim da Basunda, 'yan dako su sauke, mu mata mu zauna a kan shimfiɗa da rariya da faifai, mu fitar da ƙasa da tsakuwa da guntayen kara, sai ya yi fes a mayar da shi buhu. Ni ce shugabar mata, ba don na girmi kowa ba, sai don na fi kowa baki, kuma Tajir mai rumfar ya gane in ya faɗa mini magana sau ɗaya ta shiga kunnen kowa. A aikin nan akwai wata al'ada da ta girme mu duka. Duk abin da ya zube ƙasa bayan an tashi aiki na masu rairaya ne. Kunasa muke ce masa, wato shara. Da la'asar kowace mace za ta share wurin zamanta, ta ƙulle a bakin mayafi, ta kai gida ta sake tsincewa. A ido ba abin kirki ba ne, rabi ƙasa rabi riɗi, amma in ya taru shi ne man miyar gida, shi ne sabulu, shi ne takalmin yaro ranar salla. Man da kuka taso kuna ci daga ƙasan rumfar nan ya fito.

Bayan rumfar, a gefen kwarin da ruwa ke bi da damina, akwai aduwa biyar da tsamiya guda. Tsamiyar tsohuwa ce, mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinta, kuma ita ce ɗakin cin abincinmu. In rana ta ɗaga aka tashi fatur, wato abincin hantsi, can muke baje kwanuka, kowa ta sa hannu a na kowa, a yi gulma, a shayar da jarirai, wata ma ta ɗan miƙe ta runtsa. Aduwoyin kuwa ba mai zama ƙarƙashinsu, inuwar ba kauri ga ƙaya. Sai dai a kansu shamuwa take sauka kowace shekara, wadda Larabawa ke ce wa simbir. Ban san dalili ba, ba ta taɓa yin sheƙa a tsamiyar ba, kullum aduwa. Da ta iso, kowa a kasuwa ya san ruwa ya kusa. Masu gonaki su fara neman lebura, babanku ya fara shafa wa taraktar maigidansa mai, mu kuma mu san kwanakin zafi sun kusa ƙarewa.

Ni da shamuwa tsohuwar sanayya ce. Ina yarinya, lokacin mahaifina yana da sauran shanu, mun zauna wajen Simsim, kuma abin da zan faɗa muku ba za ku yarda ba. Daji ne a wurin. Na ga barewa da idona tana shan ruwa kusa da maruƙanmu, zabi kuwa sai ka kore su daga hanya. Kowane ƙauye da itatuwansa, kowane itace da shamuwarsa, tana bin gona tana tsince fara. Yau ku je ku duba. Tarakta ta share komai, gona ce shimfiɗe iya ganinka, ba inda tsuntsu zai ɗora ƙafa. A duk ɓangarenmu na gari, aduwoyin nan biyar su ne suka rage mata. Ina ganinsu kullum, ban taɓa tunanin wani zai iya sa musu farashi ba.

To, a farkon bazarar shekarar da gas ɗin girki ya yi wuya, gawayi ya yi tsada, na zo aiki da safe na tarar da Usman mai gawayi yana rungumar aduwa ɗaya bayan ɗaya. Usman ɗan unguwarmu ne, mun san uwarsa, mun san matarsa.

"Ya Usman, lafiya kake rungumar itace da sassafe? Ko Maryama ta yi yaji ne?"

"Lafiya lau, ya Hajja Rakiya. Awo nake yi. Na saye su wajen Tajir, duka shidan."

"Ka sayi me?"

"Itatuwan. Zan sare in yi kamina nan gefen kwari kafin ruwa ya sauka."

Kamina ita ce tulin itacen da ake rufewa da ƙasa a cinna wuta har ya zama gawayi. Ban tsaya jin sauran ba. Na ajiye rariyata na nufi wajen Tajir, yana zaune yana shan jabana, wato gahawa, shi da baƙinsa. Abin da na faɗa masa ranar ba zan maimaita muku ba, don ba na so ku koya. Na dai tuna na tambaye shi ko yunwa ce ta kama shi har ya fara cin itace. Da wani ne, da ranar na bar aiki. Shi kuwa ya kurɓi kofinsa, ya dube ni.

"Malesh, ya Hajja. Fili nawa, itace nawa, ciniki kuma ya faɗa. In kina da magana, Usman za ki nema."

Na koma wajen Usman da sauran zafina, na zazzage masa shi ma. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce shi ma yara gare shi, kuma abin da ya ba Tajir shi ne duk jarinsa. A nan ne nake so ku gyara wani abu. Kun taso kuna ɗaukar Usman mugu, alhali shi ne ya buɗe mana ƙofa.

"Ki maido mini abin da na biya, ko sisi ba na so a kai, in je in nemi itace wani wuri. Amma kwana arba'in kawai zan iya jira. In hadari ya fara haɗuwa ban kunna wuta ba, na halaka."

A fatur na ranar na faɗa wa mata. Kowa ta san abin da ke cikin lalitarta. Ladan rairaya ba ya kaiwa ƙarshen mako, balle ya sayi itace shida. Sai Hawwa ta miƙe. Hawwa 'yar Basunda ce, ƙawata tun muna amare, wurin zamanta yana jikin nawa shekara da shekaru, kuma duk 'ya'yanta shida a gindin tsamiyar nan ta yaye su. Ta kwance ƙullin sharar da ta manta a mayafinta tun jiya, ta zazzage a tsakiyar tabarma.

"Gurush, kuɗi dai, ba mu da su, amma muna da kunasa. Daga yau tawa ba za ta je gida ba. Wadda ta ga za ta iya, bismilla."

Ni ce ta biyu. Kafin mu koma aiki mata duka sun yarda, har da amaryar da ta fara aiki watan jiya. Muka roƙi buhunan wofi, muka keɓe musu lungu a cikin rumfa. Abu ɗaya ne ba mu yi ba, kuma shi ya dawo ya cije mu daga baya. Ba mu tsaya mun tambayi juna abin da kowa take son ceta ba. Ni shamuwa nake gani, Hawwa tsamiya take gani, kowa kuma ta ɗauka zuciyar 'yar'uwarta irin tata ce.

Yanzu mu zo kan miyarku. Babanku yana gida a lokacin, don direban tarakta ba shi da aiki da bazara sai gyara da zaman inuwa. Kwana uku da fara tarawa man gida ya ƙare, na kaɗa busasshiyar kuɓewa haka nan na kawo. Ya sa hannu, ya ɗaga loma ya duba ta sama da ƙasa.

"Hajja, miyar nan takaba take yi ne? Ban ga ta yi kwalliya ba."

"Man ya tafi sayen itace, Malam."

"Itacen girki?"

"Itacen shamuwa."

Ya ajiye lomar, na ba shi labari. Kai Musa ka ce wallahi tsuntsun nan ko gaishe mu ba ya yi. Sa'adiya ta ce ita za ta koma cin abinci gidan Gwaggo. Babanku ya yi dariya har da tari, sannan ya ce shekara ashirin yana tuƙa taraktar da ta tumɓuke itatuwan Simsim, ya san adadin sheƙar da ya gani a ƙasa, kuma bai taɓa ba kowa labari ba. Ya ɗauki lomarsa ya cinye. Daga ranar bai ƙara tambayar mai ba, ku ne dai kuka yi ta ƙorafi har damina.

A rumfa kuwa abin ya zama biki. Matan da a da suke share wurinsu da sauri su gudu, yanzu sai ka gan su suna bin lungu da tsintsiya, suna tone tsagar siminti da tsinke. Aka fara gasa, ɓangaren gabas da ɓangaren yamma, wa zai fi cika kwano. Hawwa ta ƙirƙiro waƙa tana zolayar masu ƙaramin ƙulli, har sai da wata ta yi kuka, muka ba ta haƙuri, washegari ta kawo ninki biyu. Ranar Alhamis bayan aiki mu zauna mu sake rairaye abin da ya taru, mu tsince shi ƙwaya ƙwaya, don a rumfarmu farin riɗi kawai ake gyarawa, shi ne mai tsada, kuma mun ƙudura namu zai fi na Tajir haske. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba. Zafi kamar zai tsaga kai, amma kullum da waƙa muke tashi.

'Yan dako da farko dariya suka mai da mu. Shugabansu Abakar, wani dogo mai muryar da ake ji daga ƙarshen kasuwa, in ya wuce da buhu a baya sai ya leƙo.

"Ya jama'a, masu saya wa tsuntsu gida! In kun gama ku saya mini ni ma, haya ta kashe ni."

"Kai in ka iya cin fara kamar shamuwa, za mu saya maka," in ji Hawwa.

Ashe abin yana cin su a rai. Su ma suna da tasu al'adar, abin da ya rage a ƙasan mota bayan an sauke kaya nasu ne. Ba su gaya wa kowa ba, suka yi mako uku suna share motoci a duk faɗin kasuwa, suna ɓoyewa. Wata Juma'a, ranar da ba ma zuwa aiki, suka karɓi makulli wajen mai gadi, suka shiga lungunmu, suka buɗe buhunanmu suka cika su har baki, suka ɗinke. So suke mu zo ranar Asabar mu sha mamaki. Mun kuwa sha. Na zo na ga buhuna sun yi ƙiba, Abakar da mutanensa sun jeru suna murmushi kamar angwaye. Na soka hannu na ɗebo, na buɗe tafina. Jan riɗi ne gauraye da farinmu.

Ku da ba ku yi aikin nan ba ba za ku gane girman ɓarnar ba. Ja da fari girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Rariya ba ta raba su, iska ba ta raba su. Gauraye kuwa shi ne mafi arha a kasuwa, ko kallonsa manyan masu saye ba sa yi. Ɗan dako buhu yake ɗauka, bai taɓa damuwa da launin abin da ke ciki ba. Tsincewar Alhamis uku ta tafi a banza. Na buɗe baki zan fara, sai na ga fuskar Abakar. Ƙaton mutum, murmushin yana zamewa daga fuskarsa a hankali, yana kallon tafina yana kallon idona.

"Ya Hajja, ba kwayyis ba ne? Bai yi kyau ba?"

Wallahi sai dariya ta ƙwace mini. Hawwa ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki, mata suka ɗauka, har 'yan dakon suka shiga ba su san abin da ake wa dariya ba. Da aka yi musu bayani, Abakar ya cire hularsa ya ce a yanka shi kawai a huta. Mun yi dariya, amma da na koma gida jikina a sanyaye yake, don saura kwana goma sha biyu.

Babanku ne ya fitar da mu. Ya saurare ni yana gyara wata tsohuwar fitila, bai ko ɗago ba.

"Wa ya ce sai kun sayar da shi riɗi? Ku kai assara. In an matse shi ya zama mai, wa zai ce wannan na fari ne wannan na ja?"

Assara ita ce matsar mai irin ta da, babban turmi na itace da raƙumi ke juya taɓaryarsa. Akwai wani tsoho abokin babanku da ke da ita a bayan gari. Washegari babanku ya aro amalanken jaki, Abakar da mutanensa suka loda buhunan, suna tafe suna ba da haƙuri har muka isa. Tsohon ya ji abin da ya kawo mu, ya ce ba zai karɓi kuɗi ba, a bar masa tunkuzar kawai ya ba dabbobinsa. Kwana huɗu raƙumin nan yana zagaye, an rufe masa ido da tsumma, turmi yana kuka, mai yana tsiyaya. Mu kuma muka bazu cikin unguwa muna roƙon kwalabe, muka wanke su da toka muka shanya. Ƙamshin sabon man riɗi ya kama mayafanmu, in na dawo gida sai Nafisa ta bi ni tana shinshina, tana tambaya ko yau za a sa a miya. Ko cokali ɗaya ban ɗiba ba, kuma ina alfahari da hakan har yau.

Muka kafa tebur a ƙofar kasuwa, muna karɓa-karɓa, biyu suna sayarwa saura suna aiki. Labari ya riga ya zaga. Direbobin manyan motoci suka saya, masu awo suka saya, mai shayin bakin ƙofa ta ajiye gwangwani kusa da murhunta tana cewa duk wanda ya sha shayi ya jefa wa simbir wani abu. Abakar ya tsaya mana talla da muryar nan tasa, ba wanda ya isa ya wuce bai juyo ba. Wani tsohon manomi daga Basunda ya sayi kwalba biyu, ya ce shekarar da fara ta sauka a gonarsa tsuntsayen nan ne suka cece shi, bai taɓa samun hanyar gode musu ba sai yau. Rana ta ƙarshe sai ga Tajir da kansa. Ya sayi jarka guda bai yi ciniki ba, bai kuma yarda mun haɗa ido ba.

Ranar da kwana arba'in suka cika muka kira Usman gindin tsamiya, muka zube masa abin da muka samu a kan tabarma. Ya duba, ya sake dubawa, ya share gumi. Bai kai ba. Mun yi kusa, amma bai kai ba, ga shi sama ta fara canza launi ta gabas da yamma.

"Ku ji, ya jama'a," in ji shi. "Tsamiyar nan ita kaɗai ta kai aduwa uku a wajena, gawayinta ya fi. Abin da kuka kawo zai fanshi aduwa biyar in sare tsamiya, ko ya fanshi tsamiya da aduwa biyu in sare uku. Fiye da haka ba zan iya ba, wallahi. Ku zaɓa."

Nan take wurin ya kaure. Hawwa ta ce ai ba abin tattaunawa, a bar tsamiya, tsuntsu ya matsu a aduwa biyu, mutum ya fi tsuntsu. Wasu suka goya mata baya, wasu suka ce tun farko don shamuwa mutane suka sayi mai. Aka yi ta ja har rana ta take. Ƙarshe suka juyo gare ni, suka ce ni ce babba, in yanke. Na ɗaga kai na dubi aduwoyin. Tsofaffin sheƙunan bara suna nan a kan kowace, tulin ƙirare a kowane reshe, ba wadda ba ta cika ba. In an sare uku, fiye da rabin masu zuwa za su iso su tarar da fili. Mu muna da hannu, muna iya kafa rumfa. Na san abin da zan faɗa, na kuma san wadda zan rasa in na faɗa.

"A sare tsamiya."

Hawwa ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Rakiya, a nan na yaye 'ya'yana. A nan kika riƙe ni ranar da aka aiko mini da rasuwar uwata."

"Na sani, Hawwa."

"Halas," in ji ta. Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar da aka sare ta ban iya tsayawa ba. Usman ya yi mana kirki, ya fara hawa ya kakkaɓo mana sauran 'ya'yan da ke kai, kowa ta samu na kunu. Amma da gatari ya fara sauka na shige can ƙuryar rumfa, ina rairaya ina hawaye, kowane sara ina jinsa a ƙirjina. Hawwa ta ɗauke shimfiɗarta daga kusa da tawa ta koma ɓangaren yamma. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Abakar da mutanensa suka kawo karan dawa da sanduna suka kafa mana rakuba, wato rumfar kara, a inda tsamiyar take, suka yi iya ƙoƙarinsu, amma inuwar kara ba ta kama ƙafar ta tsamiya ba. Muna cin fatur gumi yana ɗiga cikin kwano, ba waƙa, ba gulma.

Sannan shamuwar ta ƙi zuwa. Lokacinta ya yi, ya gota. Mako ɗaya, mako biyu. Hadari ya haɗu ya watse. Masu wucewa suka fara tambayata ko baƙin nawa sun ɓata hanya ne, wasu suka ce hayaƙin kamina ya kore su, ba za su ƙara sauka a nan ba. Kullum in na zo aiki sai na fara zagayawa baya in ɗaga kai, in ga ƙirare kawai. Na daina cin abincin kirki. Na ce a raina, Rakiya, bakinki ya ja miki, kin hana yara mai, kin kashe tsamiya, kin rasa ƙawa, duk a kan itacen ƙaya biyar da ba kowa a kai. Babanku yana cewa in yi haƙuri, tsuntsu ba ya duba kalanda, ni kuwa har haushinsa nake ji.

Ranar wata Talata, wajen hantsi, ina sunkuye a kan aikina, sai na ji an fizge rariya daga hannuna. Na ɗago a fusace. Hawwa ce tsaye a kaina, kwana ashirin da shida rabon da ta yi mini magana.

"Tashi. Baƙinki sun iso."

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi ban sa ba. Suna can sama, da yawa, baƙaƙe, cikinsu fari, suna kewaya a hankali ba sa ko kaɗa fiffike. Muna tsaye suka fara saukowa, ɗaya, biyu, sannan gaba ɗaya, suka miƙo dogayen ƙafafun nan suka dira a kan aduwoyin, duka biyar, har rassan suna lanƙwasa. Mata suka saki guɗa. 'Yan dako suka yar da buhuna suka rugo, Abakar yana ihu yana cewa a shaida da jan riɗinsa a ciki. Mai shayi ta bar ruwanta yana tafasa. Usman ma ya taso daga wajen buhunan gawayinsa, baƙi ƙirin da shi, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana ta faɗin masha Allah. Ni kuwa kuka nake yi da dariya a haɗe, irin farin cikin da tun haihuwar Musa ban ji kamarsa ba.

Hawwa ta matsa har ƙarƙashin babbar aduwar tana leƙe, ta manta da ƙaya. Sai ɗaya daga cikinsu ta saki kashi, ya sauka fal a kafaɗar sabon mayafinta. Ta tsaya ta dubi kafaɗar, ta dube ni.

"Kin gani ko? Kwana arba'in ina share ƙasa, ga tukuicina."

Muka fashe da dariya, na kama bakin mayafina ina goge mata, ita tana ture hannuna tana cewa ƙara shafa shi nake yi. Da aka tashi fatur na shiga rakuba na zauna a gefe ni kaɗai, kamar yadda na saba a kwanakin nan. Sai ga ta da kwanonta ta tsaya a kaina.

"Ban yafe miki tsamiyata ba fa, Rakiya."

"Na sani."

"To matsa mini in zauna, rana tana dukana."

Na matsa. Ta zauna, ta buɗe kwanon, ta tura shi tsakaninmu, muka sa hannu tare.